Ina zan kai iyali hutu a bakin teku a Tailan, inda babu hayaniya?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Bankok saro kaya amma ban taɓa fita daga cikin birnin ba, daga kasuwar Pratunam sai otal sai filin jirgi. Wannan karon ina so in tafi da maiɗakina mu ƙara kamar sati ɗaya mu huta a bakin teku. An ce min Pattaya ko Phuket, amma abin da nake gani a bidiyo bai kwanta min ba. Don Allah akwai wani ƙaramin gari shiru mai tsibirai a kusa, inda za mu samu abincin halal da masallaci? Kuma mu duka biyun ba mu iya ruwa ba."

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka da kyau abu uku kake nema a wuri ɗaya, teku mai kyau, wurin da kai da Hajiya za ku zauna ba ku yini kuna kawar da kai ba, sannan abincin da za ku ci hankali kwance. Toh akwai. Aikina kenan shekara da shekaru, shirya wa 'yan kasuwarmu masu zuwa Bankok masauki da zirga-zirga, kuma duk wanda ya zo min da iyali yana irin wannan maganar taka lardin Trang nake nuna masa, can kudancin ƙasar a gefen tekun Andaman. Ƙaramin garin bakin ruwan sunansa Pak Meng, tsibiran kuma Koh Mook, Koh Kradan, Koh Libong da Koh Ngai.

Ba wai Phuket ba ta da Musulmi ba ne, tana da su sosai, unguwanni irin su Bang Tao da Kamala da masallatansu manya, amma tsada da cunkoso da abin da ido zai gani a wajen Patong, gaɓar shaƙatawarta, ba shi ne hutun da kake nufi ba. Pattaya kuma kusancinta da Bankok ne kawai abin yabawa, awa biyu a mota ka isa, amma ni kam ban taɓa tura mai iyali can ba.

Me ya sa Trang ta zauna shiru

Wannan yana da muhimmanci ka gane, don shi zai sa ka san irin wurin da za ka. Arzikin Trang ba a kan baƙi ya tsaya ba, a kan roba ne da kwakwar manja da kamun kifi. A nan ma aka fara shuka itacen roba a duk Tailan, wajen 1899, wani gwamna mai suna Phraya Ratsadanupradit ya kawo irin daga ƙasar Malaya ya shuka a garin Kantang, yau kuma duk hanyar da ka bi gonakin roba ne dama da hagu an ɗaura wa kowace bishiya ɗan kofi tana ɗigar da ruwanta. Na biyu, babban ɓangare na gaɓar tekun da wasu tsibiran suna cikin gandun gwamnati na Hat Chao Mai wanda aka kafa tun 1981, saboda haka ba kowa ke zuwa ya dasa bene mai hawa ashirin a bakin ruwa ba. Na uku, manyan jirage masu kwaso Turawa da 'yan China kai tsaye Phuket da Krabi suke sauka, wanda ya zo Trang yawanci sai da ya biyo ta Bankok da niyya. Na huɗu kuma wanda ya fi shafarka, ƙauyukan da ke tsibiran nan na masunta ne Musulmi, kakanninsu a nan suke, da masallatansu da makarantunsu da maƙabartarsu. Kaga shirun nan ba na otal ba ne da aka zagaye da katanga, shiru ne na mutanen da ke kwanciya da wuri don su fita kamun kifi da asuba. Wanda ya je da wannan fahimtar, ya ɗauki kansa baƙo a garin mutane, shi ke jin daɗin wurin.

Za ka iya jin ana cewa kudancin Tailan akwai rikici. Gaskiya ne akwai, amma a lardunan Pattani, Yala da Narathiwat ne da wani yanki na Songkhla, can wajen iyakar Malesiya ta gabas. Trang ba ta cikinsu.

Pak Meng ɗin kanta

Daga birnin Trang zuwa Pak Meng kimanin kilomita 40 ne, ƙasa da awa ɗaya a mota. Garin bai wuce dogon titi ɗaya da ya bi bakin ruwa ba, bishiyoyi dogaye masu ganye kamar allura sun yi layi suna ba da inuwa, ƙarƙashinsu rumfunan abinci da tebura, sai ƙananan otal jefi-jefi, sai tashar jiragen ruwa a ƙarshen arewa. Gaɓar yamma take kallo, don haka faɗuwar rana a gabanka take, ga wasu manyan duwatsu da suka fito daga cikin teku tsaye kyam da bishiyoyi a kansu. Ranar Asabar da Lahadi iyalan 'yan ƙasar ke zuwa da tabarminsu da yaransu, ranakun aiki kuwa sai ka yi tafiya mai nisa a rairayi ba ka gamu da mutum goma ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar ka isa ka ce wannan ne ruwan da aka yi ta yabo. Ruwan Pak Meng ba shi ne garai-garai ɗin da kake gani a hoto ba, rairayin ma ba fari tas ba ne, kuma in ruwa ya janye yakan yi nisa sosai ya bar fili da ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a kai. Teku sau biyu take cika ta janye a yini da dare, kuma lokacin yana matsawa kullum, wannan abu shi ke juya komai a yankin, har lokacin tashin kwale-kwale. Pak Meng wurin sauke gajiya ne da cin kifi da tattaki da yamma, ruwa mai kyan yana tsibiri. Kwana ɗaya ko biyu ya ishe ku a nan.

In kuna da rabin yini a hannu ku leƙa Kantang, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Trang, kusan kilomita 24 daga birni. Akwai tashar jirgin ƙasa ta katako mai launin rawaya tun 1913, nan layin dogon ya ƙare, da gidan gwamnan nan da aka mayar gidan tarihi. Ba dole ba ne, amma Hajiya za ta samu wurin hoto mai kyau.

Yadda za ku isa

Kafin komai ka gama harkar kayanka a Bankok, ka miƙa wa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida, sauran manyan akwatuna ka bar su a otal ɗin da za ka dawo. Ƙaramar jaka kowa ɗaya ta isa, don kwale-kwale wani lokacin ba ya kaiwa gaɓa, sai an tattare wando an taka ruwa da jaka a kai.

Jirgin sama daga Bankok zuwa Trang kamar awa ɗaya da rabi ne, kuma yawancinsu daga filin Don Mueang suke tashi ba Suvarnabhumi da ka saba sauka ba, ka duba tikitinka da kyau don filayen biyu suna da nisa tsakaninsu kuma ka san go-sulo ɗin Bankok. Ƙananan kamfanonin nan irin su AirAsia da Nok Air da Thai Lion Air kilo 7 suke bari a jakar hannu, in za ka ƙara kaya ka saya tun a intanet, a kanta ya fi tsada. Akwai kuma jirgin ƙasa na kwana daga tashar Krung Thep Aphiwat, ya tashi da yamma ya isa da safe. Ni ina son sa ga ma'aurata, akwai gado da labule da esi, kuma an hana giya a jiragen ƙasa na ƙasar tun 2014, sai dai ku nemi gadon ƙasa don ya fi faɗi, kuma ku sayi abincinku na halal tun a Bankok ku shiga da shi. Shawarata ku tafi a ɗaya ku dawo a ɗaya.

A birnin Trang akwai ƙananan bas da ke zuwa Pak Meng, amma tunda da iyali kake gara ka sa otal ɗin ya turo mota ta ɗauke ku. Masu sayar da tikiti a kusa da tashar jirgin ƙasa kuma suna haɗa maka mota da jirgin ruwa a tikiti ɗaya har tsibiri, wannan ya fi sauƙi ga sabon zuwa, don tashoshin ruwan ba ɗaya ba ne, Koh Mook yawanci ta Kuan Tung Ku ake shiga, Koh Libong ta Hat Yao, Koh Ngai da yawon yini ɗaya kuma ta Pak Meng.

Wane wata

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Gefen Andaman raninsa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, teku a kwance, sama tarwai. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ke kaɗowa, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, jiragen da ke haɗa tsibiri da tsibiri su daina aiki, otal da yawa su rufe, hukumar gandun ma takan rufe manyan wuraren daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Za ka ga farashin ɗaki ya faɗi warwas a watannin nan har ya ba ka sha'awa, amma ga mutanen da ba su iya ruwa ba ni ban yarda ba sam. In tafiyar kasuwarka a damina ta faɗo, ka ɗage hutun tsibirin zuwa wani zuwan. Mafi daɗi a wurina tsakiyar Janairu zuwa Maris. Ka kauce wa ƙarshen Disamba da sabuwar shekarar 'yan China saboda tsada, da 13 zuwa 15 ga Afrilu lokacin bikin Songkran da ake watsa wa kowa ruwa a titi ba a tambayar ko kai baƙo ne. In kuma azumi ne, shagunan abinci na ƙauyukan Musulmi da yawa ba sa buɗewa da rana.

Koh Mook, inda nake so ku kwana

Daga Kuan Tung Ku kamar rabin awa ne a ruwa. Babu motoci a tsibirin, babur ne mai ɗan akwatin zama a gefe ke ɗaukar mutane da kaya. Ƙauyen yana gefen gabas, gidaje da yawa a kan turakun katako bisa ruwa, awaki da kaji da kyanwoyi, mata da hijabi suna shanya kifi, yara suna dawowa daga makaranta, kiran sallah yana isowa har ɗaki. Ka nemi masauki a wannan gefen, tsakanin ƙauye da rairayin Sivalai, wani dogon harshen yashi fari da ya shiga cikin teku, ruwansa marar zurfi ne, kuma da ƙafa za ka je masallaci. Ɗaya gefen, na yamma, akwai gaɓar da ake kira Charlie ko Hat Farang, ta fi kyan ruwa da faɗuwar rana amma can Turawa suka fi taruwa, da shigarsu ta wanka da giyarsu. Ku je da sassafe kafin su tashi, kuma ku kula da birai, suna fizge leda a hannu.

Abin da ya fitar da sunan tsibirin shi ne kogon Morakot. Daga waje dutse ne kawai a tsaye cikin teku da wani ɗan baki a ƙasa, sai a sauka daga kwale-kwale a shiga ta cikin ruwa, tsawon kusan mita 80, a tsakiya duhu ne ƙirin sai tocilar ɗan jagora, ruwan kuma ƙafa ba ta taɓa ƙasa, igiya tana bugun bango tana wani ƙugi. Can sai haske ya fara bayyana ruwan ya koma kore shar, ka fito a wani ɗan fili mai farin yashi da bishiyoyi, duwatsu sun zagaye shi ta ko'ina sun yi sama, ba wata ƙofa sai wadda ka shigo. Subhanallah kawai mutum ke iya cewa. Mutanen wurin suna ba da labarin wai 'yan fashin teku ne ke ɓoye dukiya a ciki a zamanin da.

Yanzu maganar rashin iya ruwa. Mutane da yawa da ke shiga kogon nan ba su iya ba, har 'yan ƙasar, rigar da ke hana nutsewa ake sa wa kowa, a yi layi kowa ya riƙe rigar na gabansa, ɗan jagora ya ja su. Ana yi lafiya lau. Amma abin da nake gaya wa mutanena shi ne kar kogon ya zama farkon shigarku ruwa. Kwana ɗaya kafin nan ku ari rigunan ku je Sivalai inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ku kwanta a kai ku saki jiki har zuciya ta yarda cewa rigar nan tana ɗaga mutum, ku koyi ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu don in ba a ɗaure ta ba rigar takan hau wuya. Sannan ku ɗauki kwale-kwalenku na kanku daga ƙauye, ba na taron jama'a ba, ku ce wa matuƙin kuna son ɗan jagora ya shiga da ku da tayar ceto da za ku riƙe. Ku fita da sassafe kafin manyan jiragen yawon yini su iso daga Pak Meng da tsibirin Koh Lanta, don in suka iso kogon cika yake da mutane da ihu. Lokacin shiga kuma matuƙi ne zai faɗa, ba kai ba, in ruwa ya cika sosai bakin kogon yakan matse. In ya ce yau ba za a shiga ba kar ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana. Kuma in Hajiya ta ga bakin kogon ta ce ita fa a'a, toh a'a ɗin kenan, ta zauna a kwale-kwale, wanda ya firgita a cikin duhun nan shi ke jawo wa kansa da na kusa da shi wahala. Mai asma ko ciwon zuciya ko mai juna biyu ni ba na ba shi shawarar shiga, wannan kuma likitanku ya fi ni sanin jikinku, ku tambaye shi tun a gida.

Kayan shiga ruwa na Hajiya, kar ta damu, matan ƙasar ma da riga da wando suke shiga, Musulminsu kuma da ɗankwali. Ta sa doguwar riga marar nauyi da wando da ƙaramin hijabi mai kama kai. Abaya mai faɗi ko zani ko dogon hijabi su ne ba na so, in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa.

Koh Kradan da sauran

Daga Koh Mook kamar rabin awa a kwale-kwale. Wannan shi ne ruwan hoton, fari tas kana ganin yatsun ƙafarka da kifaye masu zane suna zagaye ka, har wani shafin tantance gaɓoɓin teku mai suna World Beach Guide ya sa shi na ɗaya a duniya a 2023, tun daga nan kuma baƙi suka ƙaru. Babu ƙauye a nan, babu masallaci, otal ne 'yan kaɗan masu tsada, shi ya sa nake cewa a je da safe a dawo, a tafi da abinci daga Koh Mook. Ga wanda bai iya ruwa ba ya fi ko'ina daɗi don murjani da kifi suna kusa da gaɓa, da rigar ruwa da tabarau mai bututun numfashi za ku ga komai. Akwai kuɗin shiga gandu da ake karɓa daga baƙi, ka riƙe rasit ɗin. Kar ku taka murjani, kar ku ba kifi burodi, kar ku ɗauko ko ɗan ɓawon kifi a jaka, duk laifi ne kuma suna cin tara da gaske. Tun 2021 ma an hana wasu mayukan kare fata daga rana a gandayen ruwa saboda suna kashe murjani.

Koh Ngai ma kyakkyawa ne amma kusan irin Kradan ne, otal da yashi, in kun ga ɗaya kun ga ɗayan.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Koh Libong, mafi girman tsibiran Trang, kuma baƙi ba su cika zuwa ba. Ƙauyuka ne na Musulmi da gonakin roba, yashinsa ja-ja ne ba fari ba, wanda ya zo neman hoto ba zai burge shi ba. Abin da ke nan shi ne dugon, wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayun da ake samu a kogin Neja da Binuwai, tana shayar da ɗanta nono, ciyawar ƙarƙashin teku kawai take ci. A 2019 an tsinci wata jaririyarsu da ta rabu da uwarta, aka sa mata suna Mariam aka kawo ta nan ana ba ta madara da hannu, duk ƙasar ta kamu da sonta, sai ta mutu a watan Agusta na shekarar, da aka duba cikinta aka samu guntayen leda. Har yau abin yana taɓa mutanen tsibirin. A 'yan shekarun nan kuma ciyawar ta lalace sosai, dabbobin da yawa sun yi ƙaura wajen Phuket da Phang Nga neman abinci, saboda haka duk wanda ya ce maka lallai za ka gani kar ka yarda. Akwai hasumiyar kallo a ƙauyen Batu Pute, a hau a jira lokacin cikar ruwa, in Allah ya sa an gani alhamdulillah. Ni dai ko ba a gani ba ina son mutum ya kwana ɗaya a nan ya yi sallar magariba da mutanen ƙauye. Amma a sati ɗaya kar ka ce sai ka taka kowane tsibiri, duk sauyin masauki rabin yini yake ci tsakanin jiran jirgi da jiran ruwa.

Abinci da sallah

A nan sai ka buɗe ido, musamman a cikin birnin Trang. Abincin da birnin ya yi suna da shi gasasshen naman alade ne, har da shi suke karin kumallo, saboda da yawa daga cikin 'yan birnin asalinsu 'yan China ne. Kuma cewa kar a sa min alade bai wadatar ba, don romon da man da kaskon duk ɗaya ne, kazar ma ba ka san yankanta ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ci a shagon Musulmi kawai, za ka gane su da koren tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko alamar wata da tauraro, ko mai abincin da hijabinta. A Pak Meng shagunan gauraye suke, sai ka duba. A ƙauyukan Koh Mook da Libong kuwa kusan duk na Musulmi ne, sai dai kicin ɗin manyan otal, shi kam ka tambaya. Ka riƙe kalmomi biyu, "mai kin mu" wato ba na cin alade, da "mai phet" wato kar a sa yaji, don barkonon kudancin Tailan ko mu da muka saba da attaruhu yana sa mu hawaye.

Abin da mutanenmu suka fi ci ba gardama shi ne khao mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza, sai miyar massaman mai dankali da gyaɗa, sai gasasshen kifi da farar shinkafa, da safe kuma roti da ƙwai ko ayaba da shayi mai madara. In Hajiya ba ta cin jatan lande da ƙaguwa ku faɗa tun farko, don suna sa dakakken jatan lande a miya da yawa kuma warinsa ba kowa ke ɗauka ba. Ku taho da yajinku da ɗan garin kwaki ba laifi, amma kilishi da dambun nama ku bar su a gida, ba a yarda a shigo da nama ba.

Alƙibla a can yamma ce ta ɗan karkata arewa, kar jiki ya ɗauke ka ka fuskanci gabas yadda aka saba. Mutanen Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma ana ɗaga hannu a yi ƙunutu a bayyane, ka bi su kawai. Huɗubar Juma'a da yarensu ake yi. Namiji Musulmi a kudu "bang" ake ce masa, kamar yaya, in ka yi wa matuƙin kwale-kwale sallama ka ce masa bang za ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Za a kalle ku kam, baƙar fata ba su da yawa a can, yara ma har biyo ku za su yi, amma kallon mamaki ne, da sun ji sallama sun ga hijabi shikenan an zama 'yan'uwa. Ku ma ku kiyaye musu, kar a ɗauki matansu hoto ba izini, a cire takalmi kafin shiga gida da wasu shagunan.

Takardu, kuɗi da lafiya

Kai ka san hanyar biza, amma Hajiya sabuwar shiga ce, ka fara nata da wuri, har da takardar wankewa ta NDLEA da ake nema daga 'yan Najeriya da katin rigakafin shawara wanda za a duba a filin jirgi kafin a buga mata hatimi. Tun 1 ga Mayu 2025 kuma kowa sai ya cike katin shiga na intanet, TDAC, cikin kwana 3 kafin isowa, kyauta ne a shafin hukumar shige da fice, duk shafin da ya nemi kuɗi ba shi ba ne.

Ka canza dalarka tun a Bankok, wajen Pratunam ɗin da ka sani farashi ya fi na kudu, ka tafi da tsabar baht, kuɗin ƙasar, da ƙananan canji. Kar ka dogara da na'urar cire kuɗi a tsibiri, ko a birni ma duk cirewa da katin waje sai sun caje ka sama da baht 200. Farashin ɗaki da na kwale-kwale yana hawa da sauka da wata, saboda haka ka sa otal ya rubuto maka a waya kafin ka taso, kuma ka daidaita da matuƙi a kan wuraren da zai kai ku da awannin tun kafin a kunna inji.

Ku sayi maganin jiri na tafiyar ruwa a kemis ku sha kafin shiga jirgi, da man sauro don akwai zazzaɓin dengi, da takalmin roba na ruwa saboda wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke zama a gindin duwatsu. A tsibiri ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne kawai, babba sai an tsallako, lambar motar asibiti 1669, 'yan sandan baƙi kuma 1155. Za ka ga shuɗayen alluna masu nuna hanyar gudu zuwa tudu, an kafa su ne bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 da ta taɓa wannan gaɓar, ranar da kuka sauka ka duba inda na kusa da ɗakinku ya nufa. Hayar babur kuma in ba ka saba tuƙi ta hagu ba ka haƙura, in ma za ka karɓa kar ka bar fasfonka jingina.

In ni ne zan tsara muku satin, kwana ɗaya a Pak Meng, uku a Koh Mook wanda a ciki za a je kogo da Kradan, ɗaya ko biyu a Libong, sai a dawo birnin Trang. Ka sani dai wurin nan ba shi da manyan kantuna, ba shi da abin yi bayan isha'i, intanet ma wani lokacin sai a hankali, in Hajiya mai son zaga kasuwa ce ka ware mata kwana biyu a Bankok a ƙarshe. Kuma duk yadda za a yi kar ku kwana a tsibiri a daren da washegari jirginku na gida zai tashi, iska kaɗan ta isa ta hana kwale-kwale fita, ku tsallako ku iso Bankok da aƙalla kwana ɗaya a hannu.